Siminti a Rufin Baba Japheth

Na sauka daga keke a bakin layinmu na Hanwa, na hango mutum a kan rufin Baba Japheth da cokalin gini a hannu. Wani yana ƙasa yana kwaɓa siminti da yashi, yana miƙa masa a bokiti. Felix, babban ɗan gidan, yana tsaye a inuwar mangwaro yana nuna musu wuri da makullin mota.

"Felix, me ake yi a can sama?"

"Sannu da dawowa, Injiniya. Gyara ake yi. Jibi za a sallami Baba daga asibiti."

"Da siminti?"

"A'a, da man shanu."

Katanga ce ta raba gidanmu da nasu. Baba Japheth kafinta ne, ya yi ritaya daga wata makaranta a Samaru. Yana saurayi aka tura shi Bulgariya koyon sana'a, ya yi hutu biyu a wani ƙauye na kan duwatsu mai suna Kobacebitsa, yana yi wa wani tsohon magini, Iliya, aikin ɗauko da miƙo. Da ya dawo sai ya gina ɗaki guda irin nasu a bayan gidansa. Ƙasa dutse ne, awaki ke kwana ciki. Sama katako, ya ɗan turo gaba ya wuce bangon ƙasa, da ƙaramar baranda. Rufin kuwa falalen dutse ne da ya sa masu fasa dutse na Kufena suka ɓanɓaro masa da wuta. Babu ƙusa, babu laka. Manya a bakin rufi, ƙanana zuwa sama, kowanne ya hau kan na ƙasansa, nauyinsu kaɗai ke riƙe su. Shi yana kiransu tikli, kamar yadda ake faɗa a can. 'Yan unguwa suna kiran ɗakin Bulgariya, har masu keke sun san layin da wannan suna.

Ni ma can na yi karatu, shekara talatin bayansa. Shekara shida a Sofiya, zanen gine-gine. Sau biyu malamai suka kai mu ƙauyen nasa. Na auna gidaje goma sha huɗu da tef, na zana su, na rubuta kundi a kansu. Ban taɓa ɗaga tikli ko ɗaya ba.

Na ce, "Ka ce ya sauko. Ba a sa wa wannan rufin siminti."

Mutumin da ke sama ya leƙo. Dominic ne, birkila daga Muchia, na san shi a coci. "Madam, duk inda rami yake, ruwa zai shiga. Ni na toshe rami. Wane karatu ne a cikin wannan?"

"Ba ta nan yake shiga ba. Ta nan yake fita. Iska tana tura ruwa ƙarƙashin dutsen, sai ya gangaro ya fito ta bakin da kake toshewa. Rana za ta gasa dutsen ya motsa, simintin ya tsage, ruwa ya shiga ya rasa hanya. Sai ya zauna a kan katako."

"Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki," in ji Dominic, ya ci gaba da shafawa.

Felix ya saka makullin a aljihu. "Bibi, tun watan biyu tsohon nan yake kiranki. Ko ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba. Kowace shekara kafin ruwan farko Baba Japheth yakan hau rufin, ya mayar da tikli da suka zame, ya sake musu ƙananan duwatsun da ake tokare su da su. Kwana biyu yake yi, shi ke nan sai baɗi. Bana ƙafafunsa suka kumbura. Ya kira ni ta kan katanga ya ce in zo in hau, shi ya zauna a baranda yana gaya mini. Na ce sai na gama duba takardun ɗalibai. Daga baya na ce sai bayan Ista. Ruwan farko ya sauko a watan huɗu, ya jiƙa masa katifa. Bayan mako guda aka kwantar da shi a asibiti saboda zuciya.

Mama Scholastica, matarsa, ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani.

"Bibiana, ki bar su. Shekara arba'in tsohon nan yana hawa can, ni ina ƙasa ina kiran sunan Yesu kada ya faɗo. Na gaji. A toshe a huta."

Na tsaya har suka gama gefen gabas. Washegari suka yi na yamma.

Ran Juma'a aka dawo da shi. An shirya masa gado a falon babban gida, ya ƙi. Felix da wasu dattawan coci biyu suka ɗauke shi a kujera, suka hau da shi matakalar katako, suna nishi, shi yana gaya musu wane mataki ne ke ƙara. Ɗakin ba shi da silin. Idan ka kwanta, katakan da tikli ke kai kake gani, kuma a da akwai ɗan haske da iska da ke ratsowa ta tsakaninsu. Suka kwantar da shi. Ya daɗe yana kallon sama.

"Ɗakin nan ya yi zafi," ya ce. Sannan, "Wa ya toshe?"

"Ni ne, Baba," in ji Felix. "Ba za ka ƙara jiƙewa ba."

"Ka yi ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka."

Ran Lahadi bayan sujada Felix ya koma Kaduna wurin aikinsa. Da la'asar Mama ta aiko a ce Baba yana kirana.

"Kina nan aka yi?"

"Na yi magana, Baba."

"Magana." Ya gyara filo da kansa, ya ƙi in taya shi. "Kin je ƙauyen nan kin ce. Kin ga gidajen da ke bayan coci, ta wajen rafi?"

"Na gani. Wasu an gyara, baƙi ke kwana ciki. Wasu rufinsu ya rufta."

"Lokacin da nake can mutane sun fara gudu birni. Iliya yakan nuna mini gida ya ce, wannan bara aka kulle shi, ba shi shekara biyar. Bango bai taɓa kayar da gida ba a can. Daga ranar da aka daina hawa rufi ake lissafi." Ya yi tari. "Simintin nan kwana huɗu ne. Bai gama kamawa ba. Cizal da guduma suna cikin akwatin ƙarƙashin gado."

"Felix ba zai ji daɗi ba."

"Felix ya yi abin da ya iya. Ke kin yi naki?"

Ran Litinin ƙarfe shida na safe na sa wando na hau. Ina da aji a Samaru ƙarfe tara. Daga ƙasa rufin ba ya da tsawo, daga sama kuwa har layin dogo ake gani. Matan da ke zuwa famfo suka tsaya da bokitansu. Ɗaya ta ce, "Anti Bibi, an kore ki daga jami'a ne?"

Na fara da gefen da gadonsa yake, layi na farko daga baki. Shi yana kwance a ƙarƙashina, tagarsa a buɗe, yana jin komai. Bugu na shida, tikli ɗin kusurwa ya rabe biyu.

"Kin fasa."

"Kaɗan ne."

"Na kusurwa ne. Mutum uku suka hau da shi a tamanin da huɗu. Kwantar da cizal ɗin. Simintin za ki buga, ba dutsen ba."

Haka muka yi kwana huɗu. In kankare simintin, in ɗaga tikli da sandar ƙarfe, in share ƙarƙashinsa, in mayar, in tokare. Mahaɗin biyu na ƙasa dole ya faɗo a tsakiyar na sama. Idan na gama sai in taka da ƙafa. In ya yi rawa, a sake. Wasu sun kai nauyin buhun masara. Farcena biyu suka yi baƙi, alli ma da ƙyar nake riƙewa a aji. Mama kullum sai ta tsaya a gindin tsani.

"Mutum ba lafiya, ana buga masa guduma a kai. A Turai ɗin haka aka koya miki jinya?"

Ta taga Baba ya ce, "Maman Felix, bar ta. Ya fi rediyonki daɗin ji."

Ran Juma'a da rana aka yi ruwa mai iska. Ina dawowa daga Samaru na wuce gidansu a jiƙe. Duk inda Dominic ya toshe a bushe yake. Inda na gyara kuwa yana zuba, daidai kan ƙafafun Baba. Mama ta ja gadon gefe, ta sa roba biyu, ta riga ta kira Felix. Ta miƙo mini wayar ba ta kalle ni ba.

"Injiniya, na gyara, kin ɓata. Shekara shida a Turai. Don Allah ki bar mana uba ya huta."

Na mayar mata da wayar.

Baba yana dariya, dariyar ta koma tari, ya ɗauki lokaci kafin ya samu numfashi. "A ina kike sa tokarin?"

"A gaba. Inda yake rawa."

"Shi ya sa. Kin ɗaga bakinsa, ruwa ya koma baya. A gefe ake sawa, ta ciki. Bakin dole ya sunkuya." Ya nuna mini da tafin hannu a kan bargo. "Ba su koya muku ba?"

"Sun koya mana kusurwar rufin. Digiri nawa."

"Nawa ne?"

Na gaya masa.

"To. Ni ban taɓa sani ba."

Washegari na zo ban ga tsani ba. Mama ta ce an ara, ba ta tuna wa ya ara ba. Na koma gida na ɗauko namu, na jingina da katanga ta ɓangarenmu, na taka kan katangar na kama bakin rufin. Ta gan ni, ta shige kicin ta rufe ƙofa.

Na sake layin daga farko, na ƙara na biyu. Mako guda ya ci. Da na gama Baba ya ce in hau da ruwa bokiti biyu.

"Iliya in ka ɗora layi, sai ya ce shiga ciki ka kwanta, fuska sama. Shi ya zuba ruwa. In ya ɗiga a fuskarka, ba ya cewa komai, kai ma ka sani. Yanzu ni ne a kwance. Ja gadon ki mayar inda yake, ki je ki zuba."

Na zuba na farko a hankali. Na biyu na watsa shi da ƙarfi ta gefe, yadda iska ke yi. Na jira.

"Baba?"

"Kin zuba ne?"

"Duka biyu."

"To ci gaba. Layi na uku."

Ban ci gaba ba. Simintin ya riga ya kama sosai, tikli biyu na fasa a safiya ɗaya. Jarrabawa kuma ta zo, aka ba ni ajin ƙarfe takwas. Na ce masa sai Asabar. Asabar aka wuni ana ruwa. Wata Asabar ɗin aka yi taron sashe.

A tsakiyar watan shida abin da na gaya wa Dominic ya faru, kuma ban ji daɗin komai ba. Siraran tsagu suka bi simintin. Da farko wari ne kawai, irin na tufafin da ba su bushe ba. Sannan babbar azarar tsakiya ta yi baƙi. Sannan ya fara ɗiga, ba lokacin ruwa kaɗai ba, har kwana biyu bayan an ɗauke, daga wurare bakwai ko takwas. Felix ya zo ya duba, ya kira Dominic. Dominic ya ce simintin bai yi kauri ba ne, a ƙara, a bi da kwalta.

Na ce, "Felix, ruwan yana ciki. In ka ƙara rufewa, ta ina zai fita?"

"Inda kika buɗe ne yake shiga ya zagaya."

"Ruwa ba ya hawa sama."

"Bibi, ni ban yi karatun rufi ba. Abin da na sani, mahaifina yana kwance cikin laima, kuma ƙirjinsa ba shi da kyau."

Wannan ma gaskiya ne. Nas ɗin da ke zuwa duba shi daga coci ta ce ko a sauko da shi ko a mayar da shi asibiti. Na zaci zai yi gardama. Bai yi ba. Ya ce kawai a ɗauko masa akwatin kayan aiki, kada su yi tsatsa. Aka sauko da shi a kujerar da aka hau da shi. A falo aka kwantar da shi, ƙarƙashin farin silin da fanka, kusa da talabijin. Tagar falon hanya take kallo. Daga gadon ba a ganin ɗakin nasa.

Ya fara yin shiru. 'Yan zumuntar mata sukan zo su yi waƙa, ya rufe ido. Fasto ya zo da gurasa da ruwan inabi na jibin Ubangiji, ya karɓa, ya gode. Abinci cokali uku. Ni nakan shiga in gaishe shi in fita, don ban san me zan ce ba, kuma Mama ta daina amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya.

Wata ran Litinin da la'asar ina wurinsa aka fara ruwa. Ya buɗe ido ya saurara. A kan kwanon babban gida ƙarar ba ta barin mutum ya ji magana, sai da na sunkuya.

"Je ki duba."

Na ratsa tsakar gida a guje, na hau. Gadon yana nan ba katifa. Robobi biyar a ƙasa, biyu sun cika sun tumbatsa. Na hau kan gadon na bi katakan da tafin hannu, daga tsakiya zuwa baki. Jiƙe, jiƙe, wani har yana lotsawa. Da na zo kan biyun ƙarshe na bi su daga wannan bango zuwa wancan, na sake bi. Na zubar da robobin ta baranda na sauko.

"Yaya?"

"Sama duk yana zuba. Azarar tsakiya ta fara laushi."

"Naki fa?"

"A bushe."

"Layi nawa?"

"Biyu."

"Sha uku ne duka."

"Na sani, Baba."

"To me kike yi a nan?"

"Ruwa ake yi."

"In ya ɗauke." Ya rufe ido.

Ruwan bai ɗauke ba sai magariba. Talata ina da jarrabawa safe da yamma. Laraba wajen ƙarfe sha ɗaya ina tsaye a bayan aji ina tsaron ɗalibai ɗari da wani abu, wayata ta yi motsi a aljihu. Ban duba ba sai da na karɓi takarda ta ƙarshe. Daga baya Mama ta ce ta ba shi kunu ya sha cokali biyu, ta je ɗauraye kofin, ta dawo ta tarar ya tafi. Aka kai shi ƙauyensu wajen Zonkwa aka binne.

Bayan mako biyu na sami Felix a gindin mangwaro. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen damina. A rufe da tamfol, in bi sauran sha ɗayan a hankali, a sake azarar da ta lalace. Na ce a duk Zariya babu irin wannan rufi, ina jin ma a duk ƙasar nan.

Bai yi mini ba'a ba wannan karon. Ya rame, idonsa ja.

"To na ji. Kin gama. Baɗi wa zai hau? Bayan baɗi fa? Ni ina Kaduna. Mama ba za ta hau ba. Ke za ki riƙa hawa duk shekara?"

Na yi niyyar in ce e. Na tsaya tunanin watan biyu da takardun ɗalibai, da takardar neman ƙarin karatu da na riga na aika waje. Ya jira ni daidai gwargwado, sannan ya tashi ya shiga gida.

A watan tara Dominic ya zo da mutum huɗu. Waɗanda aka sa wa siminti sun manne da juna, sai da babbar guduma, suka sauko gutsu-gutsu. Aka cike ramukan layinmu da su. Na layi biyu na baki ne kawai suka sauko lafiya, guda goma sha tara, aka jingina su da bangon awaki. Kwana uku aka ɗora kwano mai shuɗi. Ba ya zuba.

Maƙwabta suka yi ta roƙon tikli ɗin da suka tsira, wannan na wanki, wancan na bakin ƙofa. Mama ta bayar har saura shida, sannan ta ce sun ƙare.

Ruwa ya ɗauke a watan goma. Wata Asabar da hantsi ina shanya kaya, na ji Mama ta kira ni ta kan katanga, karo na farko tun rasuwar.

"Bibiana, kina da aiki?"

Na zagaya. Ta kwantar da tikli biyar a tsakar gida, ta baza yankakkiyar kuɓewa a kansu. Na shidan, mafi girma, yana jingine a inuwa, ga sauran kuɓewa a tire.

"Wannan ya fi ƙarfina. Kama mini can."

Na kama gefe, ta kama gefe. Muka ja shi taku-taku, muna hutawa, har inda rana take. Ta share shi da tafin hannu, ta durƙusa, ta fara bazawa.